Suna Linzami: Tarke a Kan Gidajen Abincin Amma na Jihar Tamil Nadu

Duk gwamnatin da ta ɗora tukunya domin talaka, abu biyu take miƙa masa: abincin da zai ci, da matsayin da zai tsaya a kai yayin karɓa. Na farko ana auna shi da ludayi. Na biyu kuwa ba ya bayyana sai an dubi yadda aka tsara bayarwar, da sunan da aka raɗa mata. A wannan maƙala ina so in karanta wani shirin ciyarwa na ƙasar Indiya kamar yadda ɗalibin adabi ke karanta matani, in tsaya a kan abu biyu da aka rubuta a ƙofarsa: farashi da suna. Ra'ayina shi ne farashin ya tsare wa talaka mutuncinsa, sunan kuma ya dawo ya gutsuri wani abu daga cikin mutuncin.

A watan Fabrairu na 2013, Babbar Ministar Jihar Tamil Nadu, Jayalalithaa, ta buɗe gidajen abinci masu rahusa a birnin Chennai, aka kira su Amma Unavagam. A harshen Tamil, amma na nufin uwa, kuma shi ne laƙabin da magoya bayanta ke kiran ta da shi. Hukumar birni ce ke ɗaukar nauyinsu, matan ƙungiyoyin taimakon kai ne ke girki da rabo. Da safe ana sayar da idli, wata irin waina ta ƙullin shinkafa da wake wadda turara ta ake yi, a kan rupi 1. Da rana akwai shinkafa da miyar sambar ta wake da tsamiya a kan rupi 5, da shinkafa da kindirmo a kan rupi 3. Cikin 'yan shekaru gidajen suka kai kimanin 400 a Chennai kaɗai.

Zan fara da farashin, domin a nan hikimar shirin take. Rupi 1 ba ya biyan kuɗin itace balle na shinkafa, kuma kowa ya san baitulmali ke cike giɓin. To me ya hana a ba da shi kyauta? A ganina wannan ɗan kwabo shi ne ya raba mai saye da mai roƙo. Wanda ya miƙa kuɗi, komai ƙanƙantarsa, yana da bakin cewa miya ta yi ruwa ko gishiri ya gaza. Wanda aka zuba wa sadaka kuwa sai godiya, ko da tsakuwa ya tauna. Sannan ba a tambayar kowa takardar shaidar talauci a bakin ƙofa. Lebura da mai gadi da ɗalibi da mai jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati duk layi ɗaya suke bi, babu wanda aka tilasta wa tona asirin gidansa kafin ya ci. Rufin asiri ke nan a aikace. Kuma an ga ranar gidajen a lokacin kullen annobar korona a 2020, sa'ad da kasuwanni suka rufe, su kuma suka ci gaba da ɗora tukunya.

Sai dai ga kunnen Bahaushe, kalmar nan amma ba ta zuwa sai da wata magana a bayanta, kuma a nan ma haka abin yake. Hoton Jayalalithaa ne a allon kowane gida. Ba a tsaya a abinci ba: aka yi ruwan gora na Amma, gishirin Amma, siminti na Amma, da kantunan magani na Amma. Alhali kuɗin da aka yi duk wannan da su na jama'a ne, har da harajin leburan da ke cin idlin. Sunan ya juya labarin, ya mai da mai dukiya baƙo a gidansa, ya mai da wakiliyarsa mai kyauta. Zaɓen kalmar uwa kuma ba banza ba ne. Ɗan ƙasa yana tuhumar gwamnati, amma ɗa ba ya tuhumar uwa a kan abin da ta zuba masa. Idan ranar zaɓe ta zo, ba sai an tuna wa kowa ba cewa wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Masu iya magana sun ce suna linzami, kuma abin da ya faru a jihohin da suka kwaikwayi shirin ya nuna inda linzamin ke jan doki. A Andhra Pradesh, gwamnatin Chandrababu Naidu ta buɗe gidajen abincin Anna a 2018, ana cin abinci a kan rupi 5, an kuma raɗa musu laƙabin N. T. Rama Rao, wanda ya kafa jam'iyyarsa. Da ya faɗi zaɓe a 2019, sabuwar gwamnati ta rufe su. Ba su sake buɗewa ba sai a watan Agusta na 2024, bayan ya dawo kan mulki. Shekara biyar ke nan tukunya tana kife, kuma yunwar mai ɗaukar kaya a tasha ba ta tafi hutu ba a tsawon wannan lokaci. A Rajasthan kuwa allon ne ya sha wahala: Annapurna a hannun wannan gwamnati, Indira a hannun waccan a 2020, sannan Annapurna kuma a 2024.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar da ke adawa da ni. Jayalalithaa ta rasu a watan Disamba na 2016, kuma a 2021 abokiyar hamayyarta, jam'iyyar DMK, ta karɓi mulki ƙarƙashin M. K. Stalin. A kwanakin nasarar wasu magoya bayan jam'iyyar suka afka wa wani gidan a Chennai suka cire allonsa. Shugabanninsu suka hukunta su, aka mayar da allon, gidajen suka ci gaba da sunansu. Wani zai ce ashe sunan garkuwa ne. Ni kuwa abin da na karanta a nan shi ne cewa dattakun mutum ɗaya da tsoron fushin masu ci ne suka tsare gidajen. Abincin talaka bai kamata ya rataya a kan halin kirkin wanda ya ci zaɓe ba, domin ba kullum ake dace ba.

Indiya da kanta ta nuna wata hanya. Ciyar da 'yan makaranta ya yi ƙarfi a wannan jiha ta Tamil Nadu tun zamanin Kamaraj, M. G. Ramachandran ya faɗaɗa shi a 1982. A watan Nuwamba na 2001 Kotun Ƙoli ta umarci jihohi su riƙa ba 'yan firamaren gwamnati dafaffen abinci, dokar wadatar abinci ta 2013 kuma ta mai da shi haƙƙi. Tun daga nan an sauya wa shirin suna, amma babu gwamnatin da ke da ikon kife tukunyar don ta tsani wanda ya ɗora ta.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan batu. Jihohi irin su Kano da Sakkwato kan buɗe cibiyoyin ciyarwa a watan azumi, kuma ba a rasa buhun shinkafa mai hoton ɗan siyasa a kakar zaɓe. Ciyarwar alheri ce, sai dai tana zuwa da salon kyauta, tana tafiya da wata. Abin ɗauka daga Chennai shi ne ɗan farashin nan da ƙofa buɗe kullum. Abin bari shi ne hoton.

Hukuncina a kan gidajen Amma shi ne sun ciyar da jama'a da gaske, kuma sun ciyar da su ba tare da wulaƙanci ba. Aibinsu guda ne: sun koya wa mai ci ya gode wa mutum a kan abin da dukiyarsa ce ta saya. Ranar da aka rubuta farashin a doka, aka bar allon da sunan unguwa kawai, ranar ne talaka zai ci ya tashi ba tare da bashin kowa a wuyansa ba.