Sharhi a Kan Binciken Hannah Hoechner Game da Almajirai

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san abin da kan biyo bayan girbi: malam ya naɗe buzu, yara su rataya alluna, a nufi Kano ko gabas. Sabo ya sa ba mu tambayar yaran abin da ke ransu. Wannan tambaya ce Hannah Hoechner, wata Baturiya mai nazarin al'adun al'umma, ta yi musu tsakanin 2009 da 2011, a birnin Kano da garin Albasu da ba shi da nisa da mu. Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga littafinta, Quranic Schools in Northern Nigeria, a 2018.

Babban abin yabo shi ne ta bar almajirai sun yi magana da bakinsu, har tara daga cikinsu suka shirya fim da Hausa, Duniya Juyi Juyi, a 2011. Ta nuna cewa wulaƙancin da suke sha, musamman a gidajen da suke aikatau, yana ci musu rai ƙwarai, shi ya sa suke ɗaukar wahala a matsayin tarbiyya don su tsira da mutuncinsu.

Daga baya ta bi sawun 'yan Senegal mazauna Amurka masu mayar da 'ya'yansu gida karatu. In aka haɗa binciken biyu, sai a ga niyyar uban da ke New York da ta manomin Gwaram kusan ɗaya ce: yaro ya yi nesa da gida ya sami addini da ladabi. Aljihu ne ya bambanta su. Ɗan mai hali a ce ya tafi karatu, ɗan talaka a ce an yar da shi.

Amma fa akwai gyara. Na farko, mai karatun da bai natsu ba yana iya ɗaukar haƙurin yaran ya mai da shi hujjar barin su cikin yunwa. Na biyu, da Turanci aka rubuta littafin, iyaye da alarammomin da abin ya shafa kuwa Hausa da ajami suka sani.

Wannan na biyun aikinmu ne, 'yan'uwa ɗalibai. A 2020, lokacin korona, an kwaso almajirai a motoci daga Kano zuwa Jigawa. Da masu yanke hukunci sun saurari yaran yadda ta saurare su, da wataƙila an yi dabara ta daban. Mu fassara, mu kuma shiga tsangayunmu mu yi namu binciken. Allah ya sa mu dace.