Baƙi a Bakin Ƙofa: Fargabar Talaka a Wasannin Pinter da Beckett

A watan Mayun 1958 aka kawo wasan The Birthday Party na Harold Pinter gidan wasan Lyric da ke Hammersmith, a Landan. Sau takwas kacal aka nuna shi, aka tattara. Masu sharhi a jaridu suka yi masa ca, kukansu kusan ɗaya: wasan bai faɗi su wane ne baƙin da suka zo ba, bai faɗi wanda ya aiko su ba, balle laifin da ake tuhuma a kai. Harold Hobson na jaridar Sunday Times ya yabe shi, amma kafin yabon ya fito an riga an rufe.

Labarin ba shi da tsawo. Stanley, wanda ya ce shi tsohon makaɗin fiyano ne, yana haya a gidan wasu tsofaffi, Meg da Petey, a wani gari na bakin teku. Ba ya fita, ba ya aiki. Sai ga mutum biyu, Goldberg da McCann, da fara'arsu da ladabinsu, wai suna neman masauki. Suka tsare shi da tambayoyi marasa kai da gindi, suka shirya masa walimar ranar haihuwa alhali yana cewa ba ranar ba ce, suka karya masa tabarau. Washegari suka fito da shi fes cikin kwat, baki ya mutu, suka sa shi a mota. Petey ya ɗan yi yunƙurin hanawa, aka nuna masa shi ma akwai wurinsa a motar, sai ya koma ya buɗe jaridarsa. Da matarsa ta dawo daga cefane bai gaya mata an tafi da Stanley ba.

A 1961 Martin Esslin ya fitar da littafin da ya haɗa Pinter da Samuel Beckett da Eugène Ionesco da wasu a rukuni ɗaya, na masu wasan da ke nuna rayuwa ba ta da ma'ana, yana jingina su da falsafar Albert Camus. Tun daga nan ɗalibai suka haddace bayanin: ɗan Adam shi kaɗai a duniyar da ba ta amsa masa tambaya. Da gaskiya a ciki, amma a ganina wannan bayani ya yi sama da yawa, ya bar mutanen wasan a ƙasa. Wanda ya karanta wasannin da kansa zai tarar damuwarsu ta fi kusa da jiki: ɗakin kwana, takalmi, takardar shaida, abin sawa a baki, da wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa da dare.

Pinter ɗan wani tela Bayahude ne, an haife shi a Hackney a 1930. Yana yaro aka kwashe shi zuwa Cornwall gudun bama-baman Jamus, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sha karo da 'yan fasist a titunan gabashin Landan. Mai irin wannan tarihi ya san cewa shekaru kaɗan kafin wasansa, a faɗin Turai, mutum biyu masu tsaftar tufafi kan tsaya a ƙofar gida su tafi da mai gidan ba tare da bayani ba, maƙwabta kuma su yi kamar ba su gani ba. Bayanin da masu sharhi suka nema, waɗanda aka kwasa ɗin ma ba a ba su shi ba. Shi ya sa nake ɗaukar Petey, ba Stanley ba, a matsayin zuciyar wasan: mutumin kirki ne, ba mugu ba, tsoro ne kawai ya fi ƙarfinsa.

A The Caretaker na 1960 abin ya ƙara fitowa fili. Davies tsoho ne mara matsuguni, yana yawo da sunan aro, yana cewa takardunsa na gaskiya suna Sidcup, zai je ya karɓo da zarar gari ya yi kyau kuma ya samu takalmin kirki. Ba ya zuwa. Aston, wanda aka taɓa yi wa maganin taɓin hankali da wutar lantarki, ya tausaya masa ya ba shi gado. Me Davies ya yi da wannan alheri? Ya shiga zagin baƙaƙen fata da sauran baƙin haure na unguwar, ya nemi haɗa Aston da ɗan'uwansa Mick, har ya rasa gadon. Pinter bai yi wa talaka kwalliya ba. Ya nuna yadda rashin tabbas ke sa mutum ya cije hannun da ya ba shi, ya kuma nemi wanda ke ƙasa da shi ya taka.

Shi kuwa Beckett ko ɗakin ma bai ba mutanensa ba. A Jiran Godot, wanda Roger Blin ya fara nunawa a Paris a watan Janairun 1953, Vladimir da Estragon suna bakin hanya ƙarƙashin bishiya guda. An cika tsayawa a kan ko Godot wane ne, ana mantawa da cewa Estragon a rami yake kwana, wasu da ba a sani ba suna dukansa da dare, takalmi na cizonsa, abincinsu karas ne da makamantansa daga aljihu, kuma har ƙasusuwan kazar da wani mai wucewa, Pozzo, ya yar sai da ya roƙa. Beckett ya ɗanɗani irin wannan. Yana cikin masu yi wa mamayar Jamus zagon ƙasa a Faransa, aka tona asirin ƙungiyarsu a 1942, shi da abokiyar zamansa Suzanne suka gudu kudu zuwa ƙauyen Roussillon, ya yi aikin gona yana dakon ƙarshen yaƙi. Sunan ƙauyen ma yana cikin rubutun wasan na Faransanci. Amininsa Alfred Péron ya mutu a 1945 bayan an tsare shi a sansanin Jamusawa na Mauthausen.

Ba mamaki da aka nuna wasan a kurkukun San Quentin na Amurka a 1957, fursunoni suka bi shi ba tare da wani ya yi musu fashin baƙi ba. Haka a 1993 Susan Sontag ta shirya shi a Sarajevo lokacin da birnin ke kewaye da bindigogi.

Mai karatun da ya saba da wasan kwaikwayonmu, inda mai laifi ke gamuwa da sakamakonsa kafin a tashi, zai tambaya: to ina darasin? Turawan ma sun yi wannan gardama. A 1958 mai sharhi Kenneth Tynan ya soki Ionesco a jaridar Observer cewa irin wasansa ya juya wa matsalolin al'umma baya, Ionesco ya mayar masa da cewa marubuci ba mai wa'azin siyasa ba ne. Abin ban dariya, shekara ɗaya bayan haka Ionesco ya fito da Rhinocéros, inda mutanen gari ke rikiɗa karkanda ɗaya bayan ɗaya, aka bar wani ƙaramin ma'aikaci mashayi, Bérenger, shi kaɗai a siffar mutum. Tushen labarin shi ne yadda ya ga abokansa a Romaniya suna faɗawa ƙungiyar fasist tun kafin yaƙi.

Duk da haka Tynan bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A wasannin nan ba a ganin talakawa sun haɗa kai sun ture abin da ke danne su, kuma mata, irin su Meg, sau da yawa abin dariya ne kawai. Akwai kuma ɗan abin da ke sosa rai idan aka tuna cewa masu kuɗin sayen tikiti ne ke ƙyalƙyala dariya ga tsohon da ke roƙon takalmi. Wannan gazawa ce, ba kuma ƙarama ba. Amma wajen nuna yadda tsoro ke shiga gida ya lalata magana tsakanin miji da mata, tsakanin mai masauki da baƙonsa, ban san wasannin wancan zamani da suka kamo su ba. Mai son shiga wannan fage ya fara da The Caretaker. Ya fi sauran sauƙin bi, kuma babu abin da aka rage a cikinsa.