Zanen Marianne North: Ilmi Ne Ko Ado?

A lambun Kew da ke gefen birnin Landan, inda Turawan Ingila ke tara tsire-tsiren duniya suna nazarinsu, akwai wani ɗaki wanda aka lulluɓe bangayensa da zanen itatuwa da furanni fiye da 830, duka kuwa aikin hannun mace ɗaya ne. Sunanta Marianne North. An haife ta a garin Hastings cikin 1830, ta rasu cikin 1890. Da kuɗinta aka gina ɗakin, aka buɗe shi cikin 1882, ita kuma ta jera zanen yadda take so. To, abin da muke so mu auna yau shi ne, wannan aiki ilmi ne, ko kuwa ado ne kawai na 'yar masu hali da ta rasa abin yi?

Da fari sai mu faɗi yadda aikin ya samu. Ubanta ɗan majalisar Ingila ne, tare suke yawon ƙasashe har ya rasu cikin 1869. Daga 1871 ta ɗauki akwatin fenti ta shiga duniya ita kaɗai. Ta je Amurka da Jamaika da Birazil, ta je Japan da Borniyo da Indiya, sa'an nan Charles Darwin ya ba ta shawarar zuwa Ostireliya, ta je cikin 1880. Bayan haka ta taka Afirka ta Kudu da tsibiran Seshel, ta ƙare da ƙasar Cile cikin 1884. A zamanin nan kuwa hoton inji bai iya ɗaukar launi ba tukuna, saboda haka wanda bai taɓa barin Ingila ba, da idonta ya fara ganin launin furen waɗannan ƙasashe.

Masu zanen tsiro domin malamai suna da ƙa'idarsu. Sukan yanko reshe ɗaya su zana shi a kan farar takarda da fentin ruwa, su tsaga furen su nuna cikinsa, su nuna iri da ganye, kowanne dabam, don mai nazari ya iya rarrabe wannan tsiro da ɗan'uwansa. Ita kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Da fentin mai take aiki, kuma a gidansa take zana tsiro: ga dutsen da ya fito a kai, ga tsuntsu ko ƙwaron da ke ziyartarsa, ga sararin sama a bayansa. Nan ne masu sūka suka sami abin kamawa, suka ce ai wannan ba aikin ilmi ba ne.

Mu dai a ganinmu sun faɗi rabin gaskiya. Lalle wanda ke son ƙirga sassan cikin fure ba zai biya bukatarsa a wurinta ba. Amma fa idonta bai yi ƙarya ba. Ga shaida. Cikin 1876, a Sarawak ta Borniyo, ta zana wani tsiro mai ganye kamar tulu, wanda ƙwari ke faɗawa ciki ya narkar da su. Da aka ga zanen a Ingila sai aka tarar malamai ba su san irinsa ba, har aka aika mutum ya nemo shi. Cikin 1881 Joseph Hooker, shugaban lambun Kew, ya raɗa masa suna Nepenthes northiana don girmama ta. Zanen da masana za su iya gane sabon tsiro a cikinsa, ba a ce masa ado kawai. Bugu da ƙari, abin da aka ɗauka aibi a wancan zamani ya zama riba a yau, gama masana sun gane ba a sanin tsiro sai an san mazauninsa da maƙwabtansa.

Duk da haka ba za mu yi mata kara ba, domin gaskiya ɗaya ce. Wani lokaci takan cusa furanni da yawa cikin takarda ɗaya har ido ya rasa inda zai sauka, launinta kuma yakan yi kaifi ainun. Jerin ɗakin ma haka yake, zane na gogar zane ba tazara, mai kallo ya gaji kafin ya kai rabi. Aibin da ya fi mana nauyi kuwa shi ne na mutane. Da takardun gabatarwa take tafiya, sau da yawa a gidajen gwamnoni da manyan Turawan mulki take sauka, 'yan ƙasa kuma su ke ɗaukar kayanta, su ke nuna hanya. Amma in sun fito cikin zanenta, galibi 'yan ƙanana ne a gindin itace, kamar ma'aunin tsawonsa. Tsiron da aka ce an gano, ai masu daji sun daɗe da saninsa, suna kuma da sunan da suke kiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma abin da ya sa aikin ya wuce gardamar malamai. Tun tana raye ta ga ana sare manyan itatuwan Kalifoniya, abin ya ɓata mata rai. Dazuzzuka da yawa irin waɗanda ta zana a Birazil da Borniyo gatari ya ci su tun daga lokacin, zanenta ya zama shaidar yadda suke dā.

Hukuncinmu ke nan: ba ta kai gwanayen ƙa'ida tsantseni ba, amma ta fi su faɗin gani, kuma wanda ya ce aikinta ba ilmi ba ne ya zalunce ta. Ba ta zo Afirka ta Yamma ba, sai dai ta zana kukar da ta tarar a wani lambu a Tanjore ta Indiya. Jama'a, in baƙuwa ta ga kuka a ƙasar wasu ta tsaya ta zana ta, mu da muke miya da ganyenta, wa muke jira ya zana mana ɗorawa da kaɗanya da gawo, ya rubuta sunayensu da bakin masu su? Allah ya ba mu masu ido irin nata, masu tunawa kuma da wanda ya nuna musu hanya.