Jinjina Ga Makanikan Kore Mairuwa

Duk motar da ta taso daga Dosso ta nufi Dogonduci kan babbar hanya mai lamba 1, sai ta ratsa Kore Mairuwa. Nan ne, a gindin bishiya da rumfunan kwano, makanikai ke aikin da ba a cika gode musu ba.

Ka duba yadda maigidan gareji ke gwada amortisa, abin da 'yan Najeriya ke kira shokazoba. Ba na'ura. Hannu biyu zai ɗora a kusurwar mota, ya danna da ƙarfi, ya saki. In ta taso ta tsaya cak, lafiya lau. In ta ci gaba da rawa, ya mutu. Sai ya durƙusa ya shafa jikin ƙarfen da yatsa: baƙin mai da ya kama ƙura shaida ce ya fara yoyo. Ya leƙa taya, ya ga inda ta cinye kwari-kwari, ya girgiza robobin da ke riƙe da amortisan.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsu. Direba zai nemi a sauya ɗaya don rage kuɗi, makanike ya ce: "Alhaji, biyu ake sawa, dama da hagu, in ba haka ba motar za ta karkace a kwana, birki ma ya ja dogo." Motar kuwa Hiace ce maƙare da mutane da buhunan gero da wake, mai shiga hanyoyin jar ƙasa har Tibiri. Rayuka ne a ciki.

Direba, kafin damina ta rarake hanya, tsaya su duba maka ƙafafun motarka, kuma ka biya su haƙƙinsu ba ja-in-ja.