3.4 Sharhi a Kan Sanarwar Sawaba: Gurbin Kamfanoni da Masu Jari

A sassan da suka gabata an yi bayanin yadda aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da kuma yadda marubuta waƙoƙinta suka riƙa ɗebo tunaninsu daga takardar manufofinta, wadda aka fi sani da Sanarwar Sawaba. A wannan sashe za a ɗora ita kanta sanarwar a kan ma'aunin nazari, domin a ga wanda ta nuna wa talaka a matsayin abokin gabarsa, da kuma wanda ta yi shiru a kansa. Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, sanarwar ta yi daidai wajen bayyana zaluncin da talaka yake gani da idonsa, amma ta bar babban giɓi game da kamfanoni da masu jari, waɗanda suke da hannu dumu-dumu a cikin tafiyar da gwamnati.

3.4.1 Jigo da Tushen Sanarwar

Babban jigon sanarwar shi ne 'yantar da talaka. Ta raba al'ummar Arewa gida biyu, wato 'yan tsirarun da suka riƙe hukumomin En'e tamkar gadon gidansu, da kuma talakawa da ake mulka. Ta nuna cewa bukatun ɓangarorin nan biyu ba sa haɗuwa, kuma babu mai ƙwato wa talaka 'yancinsa sai shi da kansa. Daga nan ta yi kira ga talakawa da su haɗa kai su karɓi ragamar gwamnati ta hanyar siyasa.

Duk wanda ya ajiye wannan sanarwa kusa da takardar manufofin jam'iyyar 'yan gurguzu ta Birtaniya mai suna SPGB, wadda aka kafa a Landan cikin 1904, zai ga kamannin da ya wuce a ce dace ne. Jerin hujjojin iri ɗaya ne: rabuwar al'umma gida biyu, da gwagwarmayar da ke tsakaninsu, da cewa wanda ake zalunta shi zai ceci kansa, da cewa hukuma da sojojinta suna tsare gatan 'yan tsiraru ne, sannan kowace jam'iyya tana wakiltar bukatun wani aji ne. Aro irin wannan ba aibi ba ne, domin kuwa mai hikima ba ya ƙin kyakkyawan masaki don wani ya riga shi saƙa a kai. Abin lura shi ne canjin da aka yi. Inda takardar Landan ta sa ma'aikata, ta Kano ta sa talakawa, wannan kuwa ya zauna daram. Amma inda ta Landan ta sa masu jari, wato masu masana'antu da filaye da hanyoyin jirgin ƙasa, sai ta Kano ta sa masu riƙe da En'e. Ta haka ne mai jari ya sulale daga cikin zancen baki ɗaya.

3.4.2 Dalilan Wannan Zaɓi

Ba adalci ba ne a yanke wa magabata hukunci ba tare da duba halin da suka sami kansu a ciki ba. Talakan 1950 bai san gwamnati a ofis ba, ya san ta ne a ƙofar gidansa. Dagaci ke zuwa karɓar haraji, hakimi ke ƙirga shanu don jangali, ɗan doka ke kamu, alkali ke ɗauri, kuma dukkansu a ƙarƙashin En'e suke. Saboda haka idan aka ce masa ga mai danne shi, ba ya bukatar dogon bayani. Shi kuwa kamfani, manomi ba ya haɗuwa da shi sai a bakin sikeli, can ma ɗin ba Bature yake gani ba, ɗan baranda ne Bahaushe ɗan'uwansa. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin magoya bayan NEPU ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da sauran masu sana'a da malamai, waɗanda ba za su ji daɗin a la'anci neman dukiya kacokan ba. Ta fuskar dabarar jawo jama'a, ke nan, zaɓin ya yi ma'ana, kuma shi ya ba waƙoƙin jam'iyyar kaifin da suka yi suna da shi.

3.4.3 Abin da Sanarwar Ta Tsallake

Sai dai kuma sauƙin fahimta daban, cikar bayani daban. Tarihi ya nuna cewa kamfani ya riga gwamnatin Turawa isowa ƙasar nan. A 1886 ne Birtaniya ta ba Kamfanin Neja izinin yin mulki da ciniki a yankin kogin Kwara da Binuwai. Shi kansa Lugga ya yi wa kamfanin aiki a 1894, kafin ya karɓi mulkin Arewa daga hannunsa a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900. Da aka karɓe izinin ma ba hannu sake kamfanin ya tashi ba, an biya shi diyyar fam 865,000, aka kuma bar masa rabin kuɗin fito na ma'adinai a wani babban yanki na Arewa. Wannan kamfani ne aka haɗe da wani a 1929 aka sami UAC.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama ginshiƙin arzikin Arewa. Manyan masu sayenta su ne UAC da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, sai Kwarori, sai 'yan ƙalilan daga attajiran gida irin su Alhassan Ɗantata. A 1949, shekara guda kafin kafa NEPU, gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita ke yanke farashi, ita ke ba da lasin saye, kuma farashin da take ba manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya. A nan ne dangantakar take fitowa fili. Haraji da kuɗi ake biyansa, manomi kuwa ba shi da hanyar samun kuɗi da ta wuce ya noma gyaɗa ko auduga ya kai sikeli. Wato sandar ɗan doka ita ke kora shi zuwa ga mai lasin. Sanarwar ta ga sandar sarai, amma ba ta bi sawu ta ga inda ake kora talakan ba. Hausawa na cewa ɓera ba shi kaɗai ke da sata ba, daddawa ma da wari. A nan kuwa an kama mai karɓar haraji ne aka ƙyale wanda harajin yake yi wa aiki.

3.4.4 Hukuncin da Tarihi Ya Yanke

Hanya mafi sauƙi ta auna ingancin sanarwar ita ce a duba abin da ya faru bayan an karya abokin gabar da ta ambata. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa rage ikon sarakuna. A 1979 gwamnonin PRP, magajiyar NEPU, wato Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Wannan babbar nasara ce, kuma sanarwar tana da kaso a cikinta. Da a ce En'e ce kaɗai ciwon, da talaka ya warke a nan.

Amma a watan Afrilu na 1980, manoman Bakolori kusa da Talatar Mafara, waɗanda aikin madatsar ruwa ya cinye musu gonaki, suka tare hanyoyi suna neman diyya. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ke riƙe da kwangilar aikin. Gwamnatin farar hula ta aika da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa. Babu En'e a lokacin, babu ɗan doka, amma ga hukuma ta sake tsayawa a gefen aikin kwangila tana fuskantar manomi da bindiga. Haka kuma a 1996 kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano, maganar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ma'aunin da sanarwar ta bari ba shi da gurbin da za a ajiye irin waɗannan al'amura.

Adabin Hausa ya fara cike wannan giɓi daga baya. Alal misali, a littafin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982, mugun labarin ba basarake ba ne, attajiri ne ɗan fasa-ƙwauri mai amfani da dukiyarsa wajen juya ma'aikatan hukuma. Wannan ya nuna marubuta sun lura cewa iko ya sauya masauki.

3.4.5 Kammalawa

A taƙaice, Sanarwar Sawaba ta yi nasara wajen ba talaka suna da murya, da koya masa cewa mulki ba gadon kowa ba ne. Rauninta shi ne ta ɗauki ɗan aike a matsayin mai gida. Wannan rauni bai zama tsohon zance ba. Dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a 2020, sun hana kamfani ba jam'iyya gudummawar kuɗi, amma a 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Talaka ba shi da wannan kuɗi, kuma duk wanda ya biya wa ɗan takara ba zai rasa abin da yake jira ba. Don haka mai nazarin adabin siyasar neman sauyi bai kamata ya tsaya ga tambayar wa ke mulki ba, sai ya haɗa da tambayar wa ke ɗaukar nauyin mai mulkin. Da wannan ma'auni za a duba waƙoƙin zamanin PRP a babi na huɗu.