Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi a Kan Kwas ɗin Tafiyar da Ma'aikata ta Intanet

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole, amma ba su ce kowane yabo ne na gwani ba. A hutun ƙarshen zango da ya wuce na shiga wani kwas na mako huɗu da wata jami'a ta Amurka ta ɗora a intanet, a kan yadda shugaba zai tafiyar da mutanen da ke ƙarƙashinsa a ma'aikata. Abin da ya ja ni shi ne bayanan da ɗaliban da suka riga ni suka rubuta a ƙasan shafin, kusan kowa da taurari biyar a gaban sunansa. Manufar wannan sharhi ita ce a auna wannan yabo da abin da kwas ɗin ya ƙunsa, domin 'yan'uwa ɗalibai da yawa suna zuba kuɗin data da lokacinsu a irin wannan karatu, da fatan zai ba su aiki bayan bautar ƙasa.

Asalin Abin

Irin wannan karatu ya bunƙasa ne a shekarar 2012. A shekarar ce malamai biyu na Jami'ar Stanford, Andrew Ng da Daphne Koller, suka kafa Coursera, su kuma jami'o'in Harvard da MIT suka kafa edX. Daga baya jami'o'i irin su Michigan da Minnesota da Landan suka ɗora darussa a kan shugabanci da kula da ma'aikata. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: gajerun bidiyo na malami yana bayani, sai tambayoyin zaɓi, sai aikin rubutu da ɗalibai ke duba wa juna, sa'an nan takardar shaida ga wanda ya kammala.

Jigo

Jigon kwas ɗin tambaya ce guda: me ke sa mutum ya yi aiki da zuciya ɗaya? A nan lalle an yi ƙoƙari, domin an bi tarihin amsar daki-daki. An fara da Frederick Taylor, wanda a littafinsa na 1911 ya ɗauki agogo ya auna motsin lebura, ya ga cewa tsari da lada su ne maganin lalaci. Sai binciken masana'antar Hawthorne kusa da Cikago, daga 1924 zuwa 1932, wanda ya jawo hankali ga zaman ma'aikata da junansu da kuma kulawar da ake nuna musu. Sai Frederick Herzberg a 1959, wanda ya raba abubuwa gida biyu: albashi da yanayin wurin aiki suna hana ƙorafi in sun gyaru, amma yabawa da amincewa da ci gaba su ke sa himma. Daga nan sai Douglas McGregor a 1960 da ra'ayoyinsa biyu, wato na shugaban da ya ɗauka ma'aikaci rago ne sai da bulala, da na wanda ya ɗauka mutum zai riƙe amana in an ba shi.

Bahaushe ba zai ji baƙunta a wajen Herzberg ba, don tun tuni ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amfanin kwas ɗin shi ne ya ɗauki abin da muke faɗa da karin magana ya mai da shi abin da za a iya tsarawa. Misali mafi kyau shi ne darasin ɗaukar ma'aikata: a rubuta tambayoyi tun kafin ganawa, a yi wa kowane mai nema iri ɗaya, a ba da maki bisa ma'auni guda. Duk wanda ya taɓa ganin an ba ɗan wane aiki an bar wanda ya cancanta ya san darajar wannan darasi.

Yabon Ɗalibai

Yanzu bari mu koma ga bayanan ɗalibai, mu dube su kamar yadda muke duba waƙa. Galibinsu zubinsu ɗaya ne: a gode wa malami, a ce bayaninsa ya fito fili, a ce an ƙaru, a shawarci kowa ya shiga. Ɗalibin Hausa zai gane wannan zubi nan take, domin shi ne na kirari, inda ake jera siffofin gwani ba tare da an kawo ranar da ya yi abin ba. Da wuya ka ga wanda ya ce ga rikicin da ya sasanta a ofishinsa, ko ga ma'aikacin da ya yi niyyar barin aiki ya fasa saboda abin da aka koya. Ana yabon yadda aka koyar, ba a faɗin abin da koyon ya haifar.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan. Su wane ne ke rubuta yabon? Yawanci waɗanda suka kai ƙarshe ne. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun buga bincike a mujallar Science a kan darussan Harvard da MIT da ke edX, inda suka nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista ne suka kammala, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. Ba na cewa adadin kowane kwas haka yake, amma ya isa ya nuna mana cewa taurari biyar muryar 'yan ƙalilan ce. Wanda datarsa ta ƙare a mako na biyu, da wanda Turancin malami ya yi masa sauri, ba su bar mana ko layi ɗaya ba. Ka ga ke nan mai karanta yabon tamkar wanda ya je ɗaurin aure ne ya tambayi waɗanda suka sami shinkafa ko abinci ya wadata.

Inda Gizo Ke Saƙar

Da na gama kwas ɗin sai na so in gwada shi. Kawuna yana da gidan burodi mai ma'aikata goma sha biyu, na roƙe shi ya bar ni in zauna da kowannensu shi kaɗai, in tambaye shi abin da ke damunsa a aiki, kamar yadda darasi ya ce. Daga na farko har na ƙarshe amsa ɗaya na samu: ba komai, Alhaji yana ƙoƙari. Sai bayan kwana uku wani dattijo mai kula da tanda ya sami kawuna bayan sallar isha'i, ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya kewaya, sa'an nan ya ce yara suna kuka da yadda ake raba aikin dare. Ashe maganar tana nan, ƙofarta ce ban sani ba.

Kwas ɗin ya ɗauka cewa ƙarami zai kalli idon babba ya faɗi laifinsa. Geert Hofstede, masani ɗan ƙasar Holan, ya yi wannan gargaɗi tun 1980, lokacin da ya tambaya ko ra'ayoyin Amurkawa game da shugabanci suna aiki a wasu ƙasashe. A ma'auninsa na tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami, Amurka ta sami 40, yankin Afirka ta Yamma kuwa 77. A wurinmu kunya da girmama na gaba suna cikin halayen da Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki. Shugaban da bai san cewa gaskiya kan zo masa ta bakin ɗan aike ba, zai zauna cikin yabo har rufin ya faɗo masa.

Haka nan batun doka. Darasin ya ginu ne a kan tsarin Amurka, inda a kusan duk jihohi ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da sanarwa ba, muddin dalilin bai saɓa wa doka ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta na 1974 ne, ta ce a ba ma'aikacin da ta shafa sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, kuma wanda ya yi shekara 5 ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda. Ɗalibin da ya haddace na can ya zo ya aikata a nan, kotu zai ja wa ubangidansa.

Kammalawa

Ra'ayina shi ne kwas ɗin ya cancanci a shige shi, amma ba don dalilin da masu yabo suka bayar ba. Yana ba mutum tambayoyi masu kyau da sunayen abubuwan da yake gani kullum bai san yadda zai kira su ba. Abin da ba ya bayarwa shi ne mutanen, domin ba a koyon lallashin mai fushi a gaban gilashin waya. Shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi ita ce, in ya shiga, ya nemi wata ƙungiya, ko da wannan tamu ce, ya karɓi wani aiki da zai haɗa shi da mutum biyar masu ra'ayi daban. Sa'an nan in ya tashi rubuta nasa bayanin a ƙasan shafi, ya faɗi abin da ya gwada da inda ya ci tura, ko na baya su amfana. Takardar shaida dai hangen Dala ce, shiga birni kuwa sai an taka.