Daliget Sun Gama Zaɓe Kafin Talaka Ya Fito

A daren 28 ga Mayu, 2022, muna zaune da 'yan uwa ɗalibai a masaukinmu a nan Madina, kowa riƙe da waya, muna bin taron fidda gwani na PDP a Abuja. Ana cikin haka sai Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan Sakkwato a lokacin, ya hau mumbari ya janye, ya roƙi magoya bayansa su mara wa Atiku Abubakar baya. Atiku ya tashi da ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237. Wani abokina ya ce, "Malam, ai an gama zaɓe."

Gaskiya ya faɗa. Daliget da ba su kai 800 ba suka tsayar da ɗan takara ga ƙasa mai masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93. A APC ma, bayan kwana goma, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, bayan an sayar da fom naira miliyan 100.

Abin tambaya: wa ke zaɓen daliget? A yawancin jihohi gwamna da shugabannin jam'iyya ke tsara sunaye, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Talakan Kano ko Katsina sai dai ya zaɓa cikin abin da aka ajiye masa.

'Yan uwa, in mun koma gida, kada mu tsaya ga ranar zaɓe kawai. Mu shiga taron mazaɓa, domin a can ake yanke hukunci. Allah ya sa mu dace.